Na ci bak da mansiyon amma sai da na yi shekara guda bisa babur

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wanga labari na daɗe da shi a ciki, kunya ce ke hana ni fiddo shi, amma shekaranjiya da dare na biyo ta wajen unguwar Zariya nan Maradi na iske wasu ƴan tarminal, ajin ƙarshe na lise masu shirin jarabawar bak, su huɗu gindin fitila suna bitar fizik, na tsaya munka gaisa, na tambayi guda daga cikinsu nace ƙanena in ka samu bak ina za ka, mi kake son karanta, sai yace min yaya mu dai mu samu bak ɗin tukuna sauran mai sauƙi ne. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi don wagga magana ita ce na riƙa faɗi da bakina shekara ukku cur, kuma ita ta kai ni inda zan ba ku labari.

Ni ɗan ƙauye ne, can ɓangaren Madarunfa anka haife ni, a ɗaka, ba wanda ya je ya rubuta haihuwata ko'ina. Ban shiga lakwal da wuri ba, sai da na kai wajen shekara takwas ina kiwon awakin Inna sannan anka sa ni. Takardar haihuwata daga baya anka yi ta, ta hanyar jistis, mu da yawa lokaci guda da munka kusa gama firamare. Inna ta naɗe ta cikin leda ta sa ƙasan kwalla tare da zannuwanta, ni kuma ban taɓa zama na karanta ta baƙi bayan baƙi ba sai ranar da ta zame min matsala.

Karatu kam Allah ya ba ni kai. Na yi kwalej shekara huɗu na samu birbe, anka turo ni lise a Maradi, na zauna gidan kawuna a Bagalam, ɗaki guda mu biyar. Baba ɗan kasuwa ne ƙarami, yana sayen wake da aya ya kai Jibiya da Katsina ta Ɗan Isa, ya sawo kayan masarufi ya dawo da su. Ba mu da arziki amma ba mu kwana da yunwa, kuma duk ranar Juma'a in ya shigo kasuwa sai ya biyo ya ba ni ɗan abin kashewa, yace dai ka yi ta ƙoƙari, in ka gama ni zan tsaya maka. Na riƙe wagga magana kamar takarda ce da hatimi. Ban taɓa tambayarshi nawa ya aje ba, shi ma bai taɓa tambayata nawa karatun jami'a ke ci ba, don dukkanmu ba mu sani ba, a danginmu kaf ba wanda ya taɓa wuce birbe kafin ni.

Na bi seri D, ɓangaren kimiyya. A kaina likita nake son zama, kuma a waje, Aljeriya ko Maroko, don ina jin ana cewa wane ya samu burs, wato tallafin kuɗin karatu, ya tahi. Yadda ake samun burs ɗin, wa ke bada ta, yaushe ake aje dosiye, waɗanne takardu ake nema, ko sau ɗaya ban tambaya ba. Ni a zatona in ka ci da mansiyon su za su neme ka. Akwai wani abokina da muke benci guda, babanshi ma'aikaci ne, tun muna piramiyar na ga an kai shi an yi mishi hoton paspo, na tambaye shi tahiya za ka yi, yace a'a baba ne yace a yi a aje. Ban ɗauki abin da muhimmanci ba, na ɗauka harkar masu kuɗi ce kawai.

A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Wanda ke Maradi lokacin ya san abin da ya faru, garin nan numfashinshi ta Katsina yake yi. Baba na da buhunan wake da ya sawo, rabin kuɗin bashi ne, sunka zauna mishi, ƙwari sunka shiga wasu, ya saida sauran da hasara don ya biya mutane. Da na shiga tarminal a watan Oktoba ya daina biyowa ranar Juma'a, ba don ba ya so ba, kunyar zuwa hannu wofi yake ji. Sai ga korona kuma a watan Maris 2020 anka rufe makarantu, munka koma gida, na yi ta karatu ni kaɗai da fitilar waya. Duk wanga lokaci abu guda ke kaina, in ci bak da mansiyon in samu burs in cire wa Baba nauyina. Na ɗora komi bisa burs ɗin da ban san ko ƙofarta ina take ba.

Akwai wata rana da ba ni mantawa. Kafin jarabawa anka liƙa jerin sunayenmu anka ce kowa ya duba sunanshi da na babanshi da ranar haihuwa, in akwai kuskure ya faɗa a gyara. Mutane sun yi cincirindo, rana ta yi zafi, ina sauri in tahi bitar lissafi, na leƙa ta saman kafaɗar wani na hango sunana nace yana nan, na wuce. Minti biyu da zan tsaya in karanta, su ne ban bada ba.

Jarabawa ta zo a makare a shekarar saboda korona, cikin damina. Ranar sakamako da anka kira lambata tun zagayen farko, da mansiyon ase biyan, na faɗi na yi sujada nan cikin ƙasa. Kawu ya yanka kaji, Inna ta yi ta guɗa a ƙauye, mata sunka cika gida ana cewa ɗan Inna zai zama likita. Na yi kusan sati ukku a ƙauye ana ta yi min barka, ina taya Baba noma, wayata ba intanet, ba rediyon da nake saurare don sanarwa. Da na dawo gari na haɗu da abokin nan nawa yace kai ina ka shiga, ka aje dosiyenka? Nace wane dosiye? Yace na burs ɗin waje mana, an fidda sanarwa, kwana kaɗan ya rage.

A ranar na fara jin abin da ake nema. Hukumar da ke kula da burs a Nijar ita ce ANAB, ta hannunta burs ɗin cikin gida ke bi, da kuma guraben da ƙasashe irin su Aljeriya da Maroko ke ba ƴan Nijar. Ba ta zuwa gidan kowa, sanarwa take fiddawa, kai ne za ka kai kanka da takardunka. Takardar haihuwa, nasiyonalite, takardar sakamakon bak da makin kowane darasi, hotuna, takardar likita, paspo ga mai son fita, kuma kwafin kowace sai an kai an buga mata hatimi an liƙa tambur, kowane tambur kuɗi ne. Ni abin da ke hannuna takardar sakamako ce kawai. Na hau mota na koma ƙauye na ɗauko ledar Inna, na dawo na je wajen buga hatimi, mutumin da ke wurin ya jera takardun bisa tebur ya duba ya sake dubawa yace yaro waɗannan ai ba na mutum guda ba ne. Sunan Baba a takardar haihuwa da baƙi biyu anka rubuta shi, a takardar bak da guda, sannan shekarar haihuwa ta bambanta da shekara ɗaya. Gaskiya ya faɗa, aikinshi ya yi, har ya kwatanta min yadda ake gyara, yace sai na rubuta takardar roƙo na kai Yamai inda anka fidda takardar bak ɗin.

Yamai daga Maradi ya fi kilomita 600, yini guda cikin mota, Konni, Dogon Dutsi, Doso, ga kuɗin zuwa da dawowa, ga ban san kowa can ba. Kafin Kawu ya haɗa min kuɗin mota an rufe karɓar dosiye. Na je duk da haka na aje takardar gyara, na kwana biyu a tashar mota, na dawo. Abokina ya tahi Aljeriya, mwayen ɗinshi bai kai nawa ba, kuma ban taɓa jin haushinshi ba don shi ya shirya ni ban shirya ba.

Nan ne ya kamata in tsaya in yi tunani in je in yi rajista a jami'ar garinmu, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da ke nan tun 2010, kuma darussan kimiyya ne ƙarfinta, aikin gona da muhalli, kimiyya da fasaha, lafiya, ga IUT, sashen koyon fasahar aiki, wato daidai ɗan seri D. Amma zuciyata ta ƙi. An riga an kira ni likitan waje a ƙauye, ina ganin in na tsaya Maradi kamar na faɗi ne. Wanga girman kai shi ya buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Wani mutum ne, ta hannun wani maƙwabcin Kawu anka haɗa mu. Shiga mai kyau, magana mai daɗi, faransanci kamar ruwa. Yace yana da hanya, akwai guraben da ba a sanarwa, ya nuna min hotunan yara a filin jirgi cikin wayarshi yace duk shi ya tura su. Yace jika 150 ne kuɗin dosiye da biza, sauran in na isa can. Baba yace shi ba ya da ko dala, kuma hankalinshi bai kwanta da mutumin ba. Ni na je na zauna gaban Inna na yi ta kuka kamar ƙaramin yaro. Ta yi shiru ta daɗe, sannan tace in dai karatu ne ba komi. Ta saida tumakinta biyu da akuya ukku, irin da ta yi shekaru tana tarawa da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta karɓi zubin adashenta kafin lokaci, ta ƙulla kuɗin a bakin zane ta miƙo min tace Allah ya sa albarka. Har yau in na tuna hannunta lokacin da take kwance ƙullin nan sai hawaye su zo min.

Ya ba ni wata takarda mai tambari da sunan wata makaranta, yace in jira kira. Wata guda, wata biyu, kullum gobe, kullum ambasad ce ba ta buɗe ba saboda korona, kuma da yake lokacin komi a rufe yake sai maganar ta yi kama da gaskiya. Wata na ukku lambar ta daina shiga. Maƙwabcin da ya haɗa mu ya rantse shi ma a fada ya san shi. Mun kai ƙara, ba a same shi ba. Da na farka na ruga jami'a, rajistar sabbin ɗalibai ta wuce.

Ban iya komawa ƙauye ba. Na yi wajen wata biyar ban taka gidanmu ba don ban san da wane ido zan kalli Inna ba. Kawu ya samo min babur wajen wani alhaji na fara kabu-kabu, ina kai balas kullum da yamma, abin da ya rage in ci abinci. Aikin ba abin kunya ba ne, da shi mutane da yawa ke riƙe da gidajensu, kuma ya rufa min asiri. Abin da ke cin raina shi ne in ɗauki fasinja yace kai ni jami'a, in sauke shi bakin ƙofa in ga waɗanda nake koya wa lissafi a lise suna shiga da jakunkunansu. Rawani nake naɗawa in rufe fuska har ido, ina cewa don ƙura ne. Da dare ba barci, na rame, na daina zuwa fada, salla ma sai da ta so ta gagare ni, ina ta tambayar kaina mi amfanin wahalar da na sha shekara goma sha ukku. Akwai lokacin da na yanke shawarar in bi wasu abokai Agadas daga nan Libiya, har na fara tara kuɗin mota.

Ranar wata Litinin wajen babbar kasuwa wani dattijo ya tsaida ni da kaya a hannu, na ɗauke shi, muna cikin tahiya ya kira sunana cikakke. Mushenmu ne na SVT, darasin kimiyyar halittu da ƙasa, ta murya ya gane ni. Da munka isa ƙofar gidanshi yace kashe babur ka shigo. Na zauna bisa tabarma na kwashe komi na faɗa mishi, abin da ban faɗa ma kowa ba har maganar Libiya. Bai yi min faɗa ba. Yace ɗana ba a fafe gora ranar tahiya, kai ranar tahiya ka tashi neman gora, kuma laifin ba naka ba ne kai kaɗai, mu ma mun koya muku kwayar halitta ba mu koya muku takarda ba. Ya ɗauko kaye ya ja layi goma sha biyu, kowane layi wata guda, yace bari mu rubuta abin da za ka yi daga yau har ranar rajista.

A zaman nan na ji abubuwan da ya kamata in sani tun ina sagwand. Cewa burs ta gaskiya ba a sayenta, duk wanda yace ka ba shi kuɗi ya samo maka gurbi a ɓoye ɓarawo ne. Cewa wasu ƙofofin tun kafin a zauna bak ake rufe su, misali burs ɗin gwamnatin Turkiyya ta intanet ake cika ta kyauta tsakanin Janairu da Fabrairu, ɗan tarminal na iya nema tun bai yi jarabawa ba, kuma mai neman digirin farko sai yana ƙasa da shekara 21, ni da na shiga lakwal a makare shekarar da na ɓata ta fidda ni daga ciki. Cewa makin sagwand da piramiyar ma ana dubawa a wasu wuraren, don haka biltan ɗin kowace shekara abin adanawa ne, ni nawa wasu ɓera ya ci wasu ban ma karɓo ba. Cewa seri ɗin da ka zaɓa shi ke yanke garin da za ka zauna, ɗan seri A da ke son adabi ko tarihi ko shari'a galibi sai ya nufi Zinder ko Tawa ko Yamai, to tun da wuri ya kamata gida su san za a nemi kuɗin mota da wurin kwana. Ya ƙara da cewa ko ka samu burs ba ranar da ka shiga aji take fara zuwa hannunka ba, dole ka tanadi abin da za ka ci na watannin farko. Wanga na ƙarshe shi ya fi ba ni tsoro, don ko da na samu tahiya waccan shekarar da aljihu wofi zan sauka ƙasar mutane.

Yace in je in ga Inna kafin komi. Na je ranar Juma'a da goro da sabulu, ina shiga na durƙusa na kasa magana. Tace tashi, tumaki ne, wasu za su haihu, kai dai kar ka ƙara ɓoye min fuskarka. Ba ta sake tada maganar kuɗin nan ba har yau.

Daga nan na bi kayen mushe layi layi. Na karɓo takardar bak da anka gyara, na yi nasiyonalite, na yi kwafi biyar biyar na kowace takarda na buga hatimi, na sayi jakar roba mai zip na zuba, na je siber anka ɗauki hotonsu na aje cikin imel da mushe ya buɗe min. Kullum in na kai balas sai in cire dala ɗari in ba matar Kawu ta aje min, in kasuwa ta yi kyau dala ɗari biyu. Na je jami'a da ƙafata sau ukku ina tambayar ɗalibai da ma'aikata yaushe ake buɗe rajista, mi ake karantawa a kowane sashe, ina waɗanda sunka gama suke aiki. Likitanci na so, amma da na auna tsawon shekarun da halin gidanmu sai na zaɓi aikin gona. Ba zan ce zuciyata ba ta yi ciwo ba, ta yi, har yanzu in na ga ɗalibai da farar riga wani abu na taɓa ni. Amma ranar da munka yi darasi bisa ƙwarin da ke cin wake a ajiya da buhun nan mai leda biyu a ciki da ke kashe su ba tare da magani ba, na tuna buhunan Baba na 2019, na ji kamar don ni anka shirya darasin. Da hutu na sayo mishi guda biyar na nuna mishi yadda ake matse iska a ɗaure kowace leda daban.

Shekarar farko ban da burs, safe aji, yamma babur har goma na dare, ina karatu a tasha tsakanin fasinja da fasinja. Daga baya na samu taimako abin ya yi sauƙi. Na gama lisans, yanzu ina aiki da wata ƙungiyar manoma, albashin ba yawa amma na saya ma Inna tunkiya biyu, sauran akuya ukku ina bin kaina bashi.

Ƙanwata ce yanzu ke piramiyar, seri D ita ma, tana zaune wajena. Tun ranar da ta shigo sagwand na saya mata irin jakar nan mai zip, duk biltan da ya fito ni ke karɓa in yi kwafi. Mun zauna da Baba da Inna na rubuta musu a takarda abin da shekarar farko ke iya ci, Inna ta ware tunkiya guda tace wagga da ɗiyanta na karatun auta ne ba mai taɓawa. Ita ƙanwar tawa likita take so, na ce mata to, za mu nemi na waje mu kuma aje dosiye a nan gida lokaci guda, duk wanda ya fito alhamdulillahi. Makon jiya na sa ta ɗauko takardar haihuwarta da ta birbe munka jera bisa tabarma tana karantawa baƙi bayan baƙi ina bi da yatsa, sai ga shi a wajen sunan ƙauyenmu an rubuta shi iri biyu. Ta ɗago ta kalle ni tace yaya wanga ma matsala ne? Nace ban sani ba amma ba za mu jira mu gani ba. Na riga na nemi izini wajen aiki, ranar Litinin da safe za mu je mu tambaya.